Buɗaɗɗiyar Manhaja a Shirin Kwamfutar Ɗalibai na OLPC

Buɗaɗɗiyar manhaja ita ce wadda aka yarje wa kowa ya ga yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya fassara, ya kuma rarraba ba tare da biyan kuɗin lasisi ba. A harkar makarantu, shirin da ya fi shahara da wannan aƙida shi ne OLPC, wato kowane yaro da kwamfutarsa, wanda Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ta Amurka ya bayyana a Davos cikin Janairun 2005. A Nuwamban shekarar aka nuna samfurin kwamfutar a Tunis, Kofi Annan na wurin. An yi burin sayar da ita dala 100, amma da aka fara ƙera ta da yawa a ƙarshen 2007 kuɗinta ya doshi dala 188.

Buɗaɗɗiyar manhaja na cikin ginshiƙan shirin guda biyar. Kwamfutar, mai suna XO, koriya da fara, tana aiki da Linux na Fedora, da wata fuska ta yara da ake kira Sugar. Har hanya aka tanada da yaro zai danna ya ga rubutun da ke tafiyar da wasan da yake yi, ya taɓa shi da hannunsa. Hikimar a fili take. Firamaren ƙauye irin ta karkarar Bichi ko Dambatta, inda alli ma sai an yi da gaske, ba za ta iya biyan lasisi ba, kuma malaminta na buƙatar 'yancin mayar da darasi Hausa ba sai ya nemi iznin wani kamfani ba.

Najeriya na cikin ƙasashen farko. A 2007 aka gwada shirin a firamaren Galadima da ke gefen Abuja, bayan gwamnatin Obasanjo ta nuna sha'awar sayen miliyan ɗaya. Cinikin bai tabbata ba. Kamfanin Intel ya shigo da tasa kwamfutar, Classmate, mai amfani da Windows. A ƙarshen 2007 kuma kamfanin LANCOR ya maka OLPC a kotu a Legas, yana zargin an kwaikwayi allon rubutunsa na harsunan Najeriya, ya nemi diyyar dala miliyan 20.

Rauni mafi girma daga cikin OLPC kanta ya fito. A Mayun 2008 OLPC ta amince a ɗora Windows XP na Microsoft a kan XO, abin da masu aikin sa kai da yawa suka ɗauka a matsayin saɓa alkawari. Walter Bender, jagoran sashen manhaja, ya riga ya ajiye aiki a Afrilu, ya kafa Sugar Labs domin riƙe Sugar a buɗe.

Ƙasar Yurugwai ce ta cika burin: zuwa 2009 ta ba kowane ɗan firamaren gwamnati kwamfuta. An daina yayin XO, amma Sugar tana nan kyauta, kuma lasisinta ya halatta wa duk mai iyawa ya fassara ta zuwa Hausa.