Kansar bakin mahaifa da ta yi nisa: yaushe tiyata ke da amfani?

Daga asibitin gundumar Arlit ko na Agadas, mace da aka samu da kansar bakin mahaifa akan tura ta Yamai, tafiyar kilomita kusan 1,200 daga Arlit. Tambayar da dangi suka fi yi ita ce: me zai hana a cire mahaifar a huta? Amsar ta dogara ga matakin da cutar ta kai.

A tsarin FIGO na 2018, ana cewa cutar ta yi nisa idan ƙarin ya wuce santimita 4, ko ya shiga naman da ke gefen mahaifa, farji, mafitsara ko dubura, amma bai kai huhu ko hanta ba. A wannan mataki ba wuƙa ce kan gaba ba. Tun 1999 likitoci suka tsaya kan gashi da haske, wato radiyoterapi, na kusan mako 5, tare da maganin cisplatin ta jijiya sau ɗaya a mako, sannan gashi daga ciki, kuriyeterapi. Ana so a gama duka cikin mako 8.

Tiyatar da aka fi sani ita ce ta Wertheim, likitan Viyana da ya fara ta a 1898: ana cire mahaifa, naman gefenta, saman farji da kaluluwar ƙugu. Tana warkar da ƙaramin ƙari. Idan ƙarin babba ne, sau da yawa sai an bi da gashi, mace ta sha wahala biyu: matsalar fitsari, kumburin ƙafa, wani lokaci yoyon fitsari. Cire mahaifa kawai, irin na fibrom, shi ne mafi haɗari, domin an yanka ta cikin cutar an bar saura.

Akwai kuma fara shimiyoterapi don ƙarin ya ragu, sannan a yi tiyata. Asibitin Tata Memorial na Mumbai ya gwada hanyoyin biyu. A sakamakon 2018, kusan kashi 69 cikin 100 na waɗanda aka yi wa tiyata ba su ga dawowar cutar ba cikin shekara 5, masu gashi kuwa kusan kashi 77. Duk da haka, inda injin gashi ya yi ƙaranci, wannan hanya ta fi zaman jira.

Likitocin da suka yi karatu a Faransa sukan cire mahaifa bayan gashi idan an ga saura. Idan cutar ta dawo a tsakiyar ƙugu kaɗai, akwai babbar tiyatar da Brunschwig ya bayyana a 1948, ta cire mahaifa da mafitsara ko dubura, a buɗe wa fitsari ko bayan gida hanya ta fatar ciki. Mata kaɗan ne ta dace da su.

A Nijar, an buɗe sashen radiyoterapi na farko a cibiyar CNLC ta Yamai a 2021, da tallafin hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Tun 2007 doka ta ce maganin kansar mata kyauta ne, sai dai kuɗin mota, masauki da abinci na wata biyu suna kan iyali.

A Arlit da Akokan mutane kan zargi ƙurar uraniyum, amma wannan kansa ƙwayar HPV ce ke haddasa ta. Jini bayan saduwa, jini bayan ɗaukewar haila ko ruwa mai wari sun isa a nemi ungozoma ta duba a makon nan.