Daga Kanwa Zuwa Akwatin Gilashi: Doguwar Tafiyar Gawarwakin Fir'aunoni

A kasuwar Azare, kanwa ba ta cikin kayan da ake doguwar tayayya a kansu. Uwargida ta saya don wake ya nuna da wuri ko don kunun mai jego, makiyayi ya saya don shanunsa su lasa. Tun lokacin da Katagum ke zangon fatake tsakanin Borno da Kano, hanyar da matafiyin nan Bature Hugh Clapperton ya biyo a 1824, kanwa na cikin kayan da takarkarai da jakai ke ɗaukowa daga yankin Tafkin Chadi. Irin wannan kanwar ce, wadda Misirawa ke haƙowa a Wadi Natrun, ta sa har yau mai ziyara a Alƙahira yake iya duban fuskar sarkin da ya mutu fiye da shekara 3,000 da suka wuce.

Da fari babu wata dabarar adana gawa a Masar. Wajen shekara 3,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), rami kawai ake tonawa a rairayi, a kwantar da mamaci a takure, a jera masa tukwane. Zafin rairayin ne ke tsotse ruwan jiki kafin ruɓa ta kama shi. Ɗaya daga cikin waɗannan gawarwaki, wadda aka tono a Gebelein, tana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, da sauran gashi a kanta. Da wadata ta samu, manya suka fara gina ɗakunan kabari da akwatuna, suka raba gawa da rairayi, sai ta fara lalacewa.

A wurinsu wannan babbar musiba ce, domin sun yi imani cewa kurwar mamaci tana fita tana dawowa, kuma sai ta gane jikinta sannan rayuwar lahira za ta ɗore. Sun kuma yarda cewa za a ɗora zuciyar mutum a kan sikeli a gaban Osiris, abin bautarsu, a gwada nauyinta da gashin tsuntsu mai wakiltar gaskiya. Wanda zuciyarsa ta rinjaya da laifi, wata dabba mai kan kada ce za ta haɗiye ta. Shi ya sa ko da masu aikin suka koyi fitar da kayan ciki, zuciya a wurinta suke barinta.

Shaida mafi shahara ta farkon wannan sana'a ita ce ta Sarauniya Hetepheres, mahaifiyar Khufu mai babbar dalar Giza. A 1925 aka gano kabarinta, da akwatin dutse mai gida huɗu da aka adana kayan cikinta. Daga nan aikin ya yi ta gogewa har ya zama na kwana 70. A zaro ƙwaƙwalwa ta hanci da ƙugiya, a tsaga gefen hagu a fitar da hanta, huhu, tumbi da hanji, kowanne da tulunsa. A binne jikin cikin kanwa kamar kwana 40 har ya bushe ƙayau, a shafe shi da mai da ƙaro, a naɗe shi da tsummokin lilin, ana cusa layu tsakanin naɗi da naɗi. Herodotus, Bagirken da ya ziyarci Masar a ƙarni na 5 kafin Annabi Isa, ya ce aikin hawa uku ne, kowa da gwargwadon aljihunsa.

Dukiyar da aka tara wa mamaci don ya ji daɗin lahira, ita ce ta hana shi kwanciya. Takardun shari'a na zamanin Ramses na Tara sun nuna yadda aka gurfanar da masu fasa kaburbura. Da abin ya gagara, malaman addinin Misirawa suka kwashe gawarwakin sarakuna suka ɓoye a wani kogo a Deir el-Bahari. Can suka zauna kusan shekara 3,000, har wasu mutanen ƙauyen Kurna suka gano wurin suka fara sayar da kayan a ɓoye, kafin hukuma ta kwashe su a 1881. Mu ma a nan an taɓa binne manya da kaya. A Durɓi Takusheyi kusa da Mani ta Katsina, tonon da aka yi a 1907 da 1992 ya fito da tasoshin tagulla, duwatsun wuya da wuri.

Shigowar Kiristanci ta rage wannan al'ada a Masar, zuwan Musulunci ƙarƙashin Amru ibnul As wajen 641 kuma ya tarar da ita ta riga ta shuɗe. Amma wahalar gawarwakin ba ta ƙare ba. Turawa sun shafe ƙarnoni suna niƙa su suna sha a matsayin magani, wasu suna haɗa fenti da garinsu. A ƙarni na 19, a Landan, har taro ake kira a warware gawa a gaban 'yan kallo.

Gidan tarihi ne ya kawo tsari. An buɗe na Dandalin Tahrir da ke Alƙahira a 1902. A 1922 Bature Howard Carter ya gano kabarin Sarki Tutankhamun da kaya fiye da 5,000. A 1976 aka ɗauki gawar Ramses na Biyu a jirgi zuwa Paris don magance fumfunar da ke cinta. Duk da haka tambaya ta ci gaba da damun Misirawa: ya dace a baje mamaci a yi ta kallo? Shugaba Anwar Sadat ya sa an rufe zauren gawarwakin sarakuna, sai bayan fiye da shekara goma aka sake buɗewa. Ranar 3 ga Afrilu, 2021, aka kwashi sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 cikin jerin gwano zuwa sabon gidan tarihi na Fustat, a Alƙahira. Yanzu suna wani zaure na ƙarƙashin ƙasa mai ƙarancin haske, kowanne a akwatin gilashi da ake kula da sanyinsa da laimarsa, an lulluɓe jikin, kai da ƙafafu ne a waje.

Ɗalibanmu da ke karatu a Azhar da 'yan kasuwarmu da ke zuwa Alƙahira sukan nufi wurin da buri guda: ganin Fir'aunan Annabi Musa (AS), saboda ayar Suratu Yunus da ta yi magana kan tsirar da jikinsa. A wayoyi ma hoton Ramses na Biyu ake yaɗawa da wannan suna. Masana ba su haɗu a kan sarki guda ba. Wasu sun ce shi ne, likitan Faransa Maurice Bucaille ya karkata ga ɗansa Merneptah, kuma Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba.

Wanda ya taso a Katagum ko Azare, inda mamaci ke samun wanka, likkafani da sallah, a kai shi makwancinsa ba tare da ko zobe ba, zai fahimci hikimar wannan sauƙi idan ya tsaya gaban waɗannan akwatuna. Duk wanda Allah ya kai shi Fustat, ya shiga da natsuwar mai ziyarar maƙabarta, ya karanta bayanin da ke jikin bango, kada kuma ya dawo gida yana rantsuwa a kan abin da masana kansu ke saɓani a kai.