Katangar Dutse A Ƙasarmu: Surame Da Sukur

Duk wanda ya zaga sababbin unguwanni na gefen manyan biranenmu zai ga masu hali suna kewaye gidajensu da lambunansu da katangar dutse. Mutane da yawa sun ɗauka wannan ado ne da muka aro daga Turawa. To, tarihi bai yarda da haka ba.

Gaskiya ne Bahaushe ya fi sabawa da ginin ƙasa, kamar ganuwar Kano. Amma inda dutse ya wadata, kakanninmu sun yi gini da shi. Babban misali shi ne Surame, a Jihar Sakkwato ta yanzu. Muhammadu Kanta ne ya kafa birnin a ƙarni na 16, bayan ya ɓalle daga mulkin Askiya Muhammadu na Songhai wajen shekarar 1516. Ya kewaye shi da ganuwar duwatsu da aka haɗa da laka. Har akwai labarin baka da ke cewa Nufawa sun makara zuwa aikin, sai Kanta ya sa suka kwaɓa ƙasarsu da man kaɗanya maimakon ruwa. Kabawa sun bar Surame a farkon ƙarni na 18 suka koma Birnin Kabi, amma har yau sassan ganuwar na tsaye.

Misali na biyu yana can gabas, watau Sukur, a kan duwatsun Mandara cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa. Su mutanen Sukur ko laka ba sa sawa. Jera duwatsu kawai suke yi, da haka suka gina katangun fadar sarkinsu, Hidi, da hanyoyin hawa dutse, da matakan gonaki masu tare ƙasa kada ruwa ya kwashe ta. A 1999 hukumar UNESCO ta sa Sukur cikin wuraren tarihi na duniya, shi ne na farko daga Nijeriya.

Mai karatu zai ce, me ke riƙe katangar da ba siminti? Gindinta faɗi gare shi, tana tsukewa zuwa sama. Kowane dutse yana zama a kan mahaɗar biyu na ƙasansa, a cike tsakiya da ƙananan duwatsu. Ruwan damina kuma yana bi ta kafofinta ya wuce. Sau da yawa kuwa katangar zamani da ke tare ƙasa, in an liƙe ta da siminti ba a bar wa ruwa hanya ba, sai ya taru a bayanta ya tsaga ta.

Abin tsoro shi ne wannan sani a hannun dattawa yake, ba a littafi ba, kuma harin Boko Haram na 2014 ya yi wa Sukur ɓarna. Ya kamata ɗalibanmu na tarihi da na fasahar gini su je su zauna da maginan nan, su rubuta abin da suka sani tun suna raye.