Ƙasar Yerwa da Tsagar da Ake Rainawa

Lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, an kafa birnin ne kusa da wani dogon tudun yashi da ya miƙe har Bama. Masana ƙasa sun tabbatar cewa wannan tudu gaɓar tsohon Tafkin Chadi ne, tun zamanin da ruwansa ya mamaye yankin dubban shekaru da suka wuce. A can kudu kuwa, tsaunukan Biu duwatsu ne masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, Tafkin Tila ma bakin ɗaya daga cikinsu ne da ruwa ya cika. Danginsu na Kamaru ba su gama kwantawa ba: a Agustan 1986 iskar da ta taso daga Tafkin Nyos ta hallaka mutum fiye da 1,700 cikin dare ɗaya. Ƙasar da muke gani shimfiɗe kamar tabarma tana da tarihin sauyawa, kuma ya kamata mai gini a kanta ya san da haka.

Wani zai ce Maiduguri ba garin girgizar ƙasa ba ne, don me za a tsorata mutanen da suka sha wuyar Boko Haram da abin da bai same su ba? Rabin maganar gaskiya ce, domin birnin ba ya kan tsagar ƙasa irin na Japan ko Turkiyya. Amma mutanen Kwoi a Kaduna ma ba su zaci komai ba kafin Satumban 2016, haka na Mpape a Abuja kafin ƙasa ta motsa da su a 2018, ta kuma sake a 2024. Abin koyo daga masu zama da ƙananan girgiza ɗabi'a ce, ba tsoro ba: suna auna kowace tsaga a bango, su rubuta, su gyara tun tana ƙarama. Japan ta tsaurara dokar gininta a 1981 ne saboda ɓarnar girgizar 1978.

Wannan ɗabi'a ce Maiduguri ta rasa a madatsar ruwa ta Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda. Ambaliyar 1994 gargaɗi ce babba. Bayan shekara 30, a ranar 10 ga Satumban 2024, madatsar ta ɓalle ba tare da ƙasa ta ko motsa ba, ruwa ya shiga Gwange, Kasuwar Monday, fadar Shehu da asibitin koyarwa, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Duk gyaran da za a yi wa Alau, a sa injiniyoyi su riƙa duba jikinta kafin kowace damina, a kuma karanta wa mutanen gari sakamakon a rediyo, da Kanuri da Hausa.