Daga Indararo zuwa Tiyon Esi: Tarihin Kare Gida daga Ruwa a Ƙasar Birnin Kudu

Surko ɗaya ce daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa, kuma tana cikin yankin da ya fi sauran sassan jihar samun ruwan sama, domin damina kan faɗi da wuri a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ta kuma yi ƙarfi a watan Agusta fiye da yadda take yi a Maigatari ko Birniwa da ke can arewa. A wuri irin wannan, inda akasarin gidaje na ƙasa ne tun kaka da kakanni, babban abin da magini yake tunani a kansa tun daga aza harsashi shi ne hanyar da ruwa zai bi ya bar gida ba tare da ya daɗe a jikin bango ba. Shekaru aru-aru wannan ruwa daga sama yake zuwa, a lokacin da kowa ya sani, kuma an tanadar masa ilimi cikakke. Cikin 'yan shekarun nan ne aka sami wani ruwan da ake haifarwa a cikin ɗaki, wato wanda na'urar sanyaya ɗaki take zubarwa, kuma shi wannan bai sami irin kulawar da na farko ya samu ba.

Ginin Hausa na asali ana yin sa ne da tubali, wato curin ƙasa mai faɗin gindi da tsinin kai wanda ake shanyawa a rana, a jera shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, bangon ya fara da kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Rufin soro kuwa ana shimfiɗa shi a kan azara, wadda ake faskarawa daga itacen giginya saboda ƙarfinta da kuma yadda gara ba ta cika cin ta ba. Azara ɗaya ba ta ɗaukar nauyin rufi idan tazarar ta wuce kimanin ƙafa shida, shi ya sa magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga domin faɗaɗa ɗaki, fasahar da ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19. A kan azarar ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba ƙasa hawa-hawa, a ɗan karkatar da ita zuwa gefe guda, a kewaye rufin da gajeren bango da ake kira rawani. Rawanin yana tare ruwa don kada ya kwararo ta ko'ina a fuskar bango, ya tilasta masa bi ta kafa ɗaya, kuma a bakin wannan kafa ake dasa indararo.

Indararo shi ne ginshiƙin wannan tsari duka. A dā ana yin sa da fafaffen itacen giginya ko da gasasshen yumɓu, daga baya aka koma na kwano, kuma sharaɗinsa a kowane zamani guda ne: ya miƙe ya yi tsawo yadda ruwan zai faɗi nesa da gindin bango. Magina sun fahimci cewa bangon ƙasa yana jure ruwan da ya doke shi ya wuce, abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta a gindinsa ko wanda yake ɗiga a wuri ɗaya ba fashi, domin shi ne yake jiƙa tubali har ciki, ya zaizaye gindin, bangon ya rasa abin da zai tsaya a kai. Saboda haka ake ɗaga dakali a gindin bangon waje, a kan kuma ajiye dutse a inda ruwan indararo yake faɗuwa don kada ya haƙa rami. A ƙauyuka, inda ɗakin jinka ya fi soro yawa, tsawon bakin jinkar da ya zarce bango shi yake yin wannan aiki, baibaya kuma ita ce gyaran da ake yi masa kafin ruwa ya sauka.

Bayan hanyar ruwa sai rigar bango. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana jiƙa ta a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwanta, ta ba bango launi ja mai duhu da kuma ƙarfin jure ruwa. Ga rufin soro akwai laso, haɗin katsi, wato lakar da ake kwashewa daga gindin rijiyar marina, da gashin da majema suke kankarewa daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi. Wannan haɗi ya nuna yadda sana'o'in garin Hausa suka dogara da juna, domin abin da marini da majemi suka zubar shi magini yake hana soro yoyo da shi. Sai dai babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake dawwama, kuma babu wanda ya taɓa zaton za su dawwama. Yaɓe aiki ne na shekara-shekara, ana yin sa da rani bayan an gama girbi, kuma maigidan da damina ta riske shi bai duba indararonsa ba, bai toshe tsagar soronsa ba, kansa kawai zai zarga.

Sanyaya ɗaki da ɗumama shi ba su buƙatar wata na'ura a wancan tsari. Bango mai kauri yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakin sa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida suka riga suka fito tsakar gida da tabarminsu a kwanakin bazara. Da hunturu kuwa ana shiga da kaskon garwashi, tsofaffi kuma suna kwana a gadon ƙasa mai kafar da ake sa wuta a ƙarƙashinsa, kuma wannan zafi busasshe ne, hayaƙinsa ma yana taimaka wa itacen rufi wajen korar ƙwari. Ruwan da yake da alaƙa da zafi ko sanyi a gidan dā iri biyu ne, kuma kowanne an san inda ake kai shi. Na farko shi ne ruwan wankan jego, wanda ake tafasawa a babbar tukunya safe da yamma har kwana arba'in, ya fita ta rariya, wato kafar da aka huda a gindin katanga, ya gangara kwatami. Na biyu shi ne naso daga jikin randa, wadda take sanyaya ruwa ta hanyar barin kaɗan ya tsattsafo ta ƙofofin yumɓu iska ta busar da shi. Matan gida kan girke ta a kan yashi, su ɗan janye ta daga jikin bango. Wannan dabara ta randa ce Mohammed Bah Abba, wanda a lokacin malami ne a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya faɗaɗa ta zuwa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan lambu, ya raba ta a ƙauyukan jihar, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Sauyi ya fara ne da isowar jirgin ƙasa Kano a 1911, wanda ya sauƙaƙa shigo da kwanon rufi da siminti, sannan masana'antun cikin gida irin na Sakkwato da na Ashaka suka ƙara yaɗa simintin a arewa. Kwano ya raba maigida da wahalar yaɓen soro, amma ya kawo zafin da ginin dā bai sani ba, domin ɗakin bulo mai siririn bango da rufin kwano yana ɗaukar zafi da zarar rana ta ɗaga. Daga nan aka shiga neman magani: silin, sai fanka, sai na'urar sanyaya ɗaki da jama'a suke kira esi. Ta fara bayyana a ofisoshin gwamnati da asibitoci da bankuna, ta ƙaru bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, yanzu kuma, da yaɗuwar janareto da wutar sola, ta shiga gidajen masu hali da wasu masallatai a garuruwa irin Birnin Kudu da Gwaram. A ƙauyukan ƙasar Surko har yau ba ta yi yawa ba, kuma wannan ne ya sa ya dace a yi maganarta tun yanzu, kafin kurakuran da ake gani a birane su zama al'ada a can.

Mutane da yawa suna ɗaukan ruwan esi a matsayin alamar lalacewa, alhali fitar da ruwa yana cikin asalin aikinta. Na'urar da Willis Carrier ya tsara a 1902 domin wata maɗaba'a a Brooklyn ta ƙasar Amurka an yi ta ne don rage laimar iska, saboda laimar tana sa takarda ta kumbura launuka su kauce wa juna. Yadda abin yake shi ne, iskar ɗaki mai ɗumi tana bi ta kan wasu siraran bututai masu tsananin sanyi, tururin ruwan da ke cikinta ya koma raɓa, raɓar ta taru a wani faranti da ke ƙarƙashi, ta fita waje ta tiyo. A farkon bazara, lokacin da iska take bushe, ruwan kaɗan ne, amma da zarar iskar damina ta fara kaɗawa daga kudu, na'ura guda tana iya zubar da lita da dama a yini ɗaya. Idan aka kwatanta da ruwan sama wannan ba komai ba ne, sai dai shi ne ainihin irin ruwan da magina suka fi tsoro: kaɗan, a wuri ɗaya, kullum.

Hanyoyin da wannan ruwa yake ɓata gida sanannu ne ga masu gyaran firji da esi. Ƙurar hunturu tana cika matatar na'ura, ta gangara cikin faranti, idan laima ta dawo ta zama taɓo ta toshe bakin tiyo, sai ruwa ya ambaliya ya biyo bango ta cikin ɗaki. Matata mai datti ko ƙarancin iskar gas yana sa ƙanƙara ta daskare a kan bututai, kuma da an ɗauke wuta sai ta narke gaba ɗaya, fiye da abin da farantin zai iya ɗauka. Akwai kuma kuskuren ranar dasawa: ramin da aka huda a bango dole ya gangara zuwa waje, tiyo kada ya lanƙwashe ya yi ciki, esin taga kuma a ɗan karkatar da bayanta ƙasa. Bututun tagulla da ba a naɗe shi da soso ba shi ma yana yin gumi a duk tsawonsa, idan kuma ta cikin silin ya bi, tabon da zai bayyana sai a ɗauka yoyon kwano ne. Tukunyar dafa ruwan wanka ta lantarki, wadda ake kira hita, tana da nata bututun da yake ɗigar da ruwa idan matsi ya yi yawa, kuma shi ma yana buƙatar a kai bakinsa magudana.

Mafi yawan ɓarna, duk da haka, a waje take faruwa, inda ake yanke tiyo gajere a bar shi yana lilo a jikin bango. A ginin bulo sakamakon shi ne baƙin tabo da gansakuka da ɓarewar fenti, sai farin gishiri da yake fitowa a gindin bango. A ginin ƙasa da aka yi wa filastar siminti, abin ya fi haɗari, domin siminti ba ya barin ƙasar da ke bayansa ta bushe. Ruwa ya shiga ta tsaga, tubali ya jiƙe a ɓoye, gara ta biyo danshi, kuma maigida ba zai ankara ba sai ranar da filastar ta ɓalle falle guda. Dalilin wannan sakaci ba jahilci ba ne, rabuwar aiki ce. A dā mutum ɗaya ne yake gina bango ya dasa indararo, kuma sunansa ne zai ɓaci idan bangon ya faɗi. A yau magini ya gama ya tafi, mai dasa esi ya zo daga baya, shi kuma ana auna aikinsa ne da sanyin da ɗaki ya yi, babu mai tambayarsa inda ruwa zai sauka.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Ana ƙara wa tiyo tsawo da bututun roba, a ɗaure shi a bango, a kai bakinsa magudana ko ƙaramin ramin da aka cika da tsakuwa nesa da harsashi, ko a tara ruwan a bokiti don ban-ruwan shuka da wanke tsakar gida, amma ba don sha ba, tunda ya bi ta kan ƙura da ƙarfe. Kada kuma a bar shi ya kwanta, domin nan sauro yake ƙyanƙyasa. Wanke matata da busa tiyo sun fi dacewa a ƙarshen hunturu, kafin laima ta dawo, wato daidai lokacin da ake duba soro da jinka.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda malaman Malikiyya suka daɗe da yin bayaninsa. Ibn al-Rami, magini ne a birnin Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi a kan hukunce-hukuncen gini, kuma fikihun da ya tattara ya bambanta ruwan sama da ruwan da mutanen gida suka yi amfani da shi, ya sassauta a kan na farko ya tsananta a kan na biyu, bisa ƙa'idar hana cutar da wani. A garuruwan Hausa ma rigimar indararon da yake zuba a gidan maƙwabci tana cikin abin da masu unguwa da alƙalai suka saba sasantawa. Ruwan esi ya fi kama da kashi na biyu, domin mai gida ne yake samar da shi da ganin damarsa. Inda aka maƙala na'urar a bangon da yake kallon lungu ko katangar wani, wajibi ne a juyo da tiyon zuwa cikin gidan mai ita, kuma a yi wannan sharaɗi da mai dasawa tun kafin ya huda bango.