Mbari da Kuɗin da Ya Raya Ta

Cikin 1961, shekara guda bayan Nijeriya ta sami mulkin kai, waɗansu samari masu ilmi suka kafa wata ƙungiya a Ibadan, suka raɗa mata suna Mbari. A cikinsu akwai marubuta, irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J. P. Clark, akwai kuma masu zane, Uche Okeke da Demas Nwoko, waɗanda suka koyi sana'arsu a kwalejin Zariya. Wani Bajamushe, Ulli Beier, shi ne ya yi ta kai da kawowa har abin ya tsaya. Sunan kuwa Chinua Achebe ya kawo shi daga ƙasar Ibo, inda a ke kiran wani ɗakin laka mai ado da shi.

Ba domin riba aka kafa ta ba. Wurin zamanta yana unguwar kasuwar Dugbe. Nan a ke wasan kwaikwayo a tsakar gida, a kafa zane-zane jama'a su shigo su gani, ga kuma ɗakin karatu. Suka shiga buga littattafai, har na waɗansu 'yan Afirka ta Kudu, Alex La Guma da Dennis Brutus, waɗanda gwamnatin ƙasarsu ta hana su sakat. Cikin 1962 Duro Ladipo ya buɗe irinta a Oshogbo, ita ce Mbari Mbayo.

To, amma haya da takarda da ladan maɗaba'a duk kuɗi su ke ci, kuɗin shiga kallo kuwa ba ya isa. Gudummawa ta riƙa zuwa daga Paris, daga wata ƙungiya mai suna Congress for Cultural Freedom, wadda aka kafa cikin 1950. Ezekiel Mphahlele, ɗaya daga cikin mutanen Mbari na farko, shi aka ɗora bisa sashenta na Afirka. Ita ce kuma ta ɗauki nauyin taron marubutan Afirka a Makerere, ƙasar Uganda, cikin 1962.

Sai cikin 1966 da 1967 jaridun Amurka suka tona asiri. Ashe yawancin kuɗin nan na CIA ne, watau hukumar leƙen asirin Amurka, tana bi da shi ta hannun waɗansu gidauniyoyi, kamar Farfield, don kada a gane. Nufinta shi ne kada masu ilmin duniya su karkata wajen Rasha.

Mphahlele ya ce bai san tushen kuɗin ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu abin da za su rubuta. A ganina littattafan sun ba shi gaskiya, gama La Guma ɗan gurguzu ne, ga shi kuwa Mbari ta buga littafinsa na fari. Duk da haka an ɓoye musu abin da ya kamata su sani kafin su miƙa hannu, aka bar su da kunyar da ba su suka jawo ba.

Labarin ya iske Mbari ta riga ta raunana. Beier ya bar Nijeriya cikin 1966, yaƙin basasa ya tashi cikin 1967, a cikinsa aka kashe Okigbo kusa da Nsukka, sauran kuma suka watse.