Ciwon Mafitsara da Maganin da Ya Taɓa Ido

Akwai wani ciwo da yawancinmu ba mu san sunansa ba, ko da yake wataƙila mun san mai fama da shi. Mara tana zafi, fitsari yana matsa wa mutum dare da rana, amma idan aka kai fitsarin ɗakin gwaji sai a ce babu ƙwayar cuta. Mata ne suka fi kamuwa da shi. Tarihin neman maganinsa, wanda akasarinsa a Amurka ya gudana, yana da darasin da ya kamata mu tsaya a kansa.

A shekarar 1915 wani likitan mata a asibitin Johns Hopkins, Guy Hunner, ya wallafa bayanin wasu mata da ya ga gyambo a bangon mafitsararsu. Daga nan likitoci suka ɗauki gyambon a matsayin shaida. Matsalar ita ce yawancin masu ciwon ba su da shi. Shekaru da dama, macen da ba a ga komai a mafitsararta ba sai a ce mata damuwa ce kawai, a sallame ta.

Sai a 1978 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da DMSO, wani ruwa da ake samu daga aikin sarrafa itace zuwa takarda. Ana zuba shi cikin mafitsara ta siririn bututu, kuma yakan bar warin tafarnuwa a numfashin majinyaci. A 1984 Vicki Ratner, wadda ciwon ya kama tana ɗalibar likitanci kuma ta zaga wurin likitoci da yawa kafin a gano shi, ta kafa ƙungiyar masu fama da shi. Matsin lambar da suka yi ya taimaka wajen sa gwamnati ta zuba kuɗi a bincike.

A 1996 aka amince da Elmiron, maganin sha na farko da aka keɓe wa ciwon. Hasashen masana shi ne yana gyara shimfiɗar da ke kare bangon mafitsara daga zafin fitsari. Ga wanda ya daɗe yana jin ana cewa lafiyarsa ƙalau, samun ƙwaya mai ɗauke da sunan cutarsa ba ƙaramin abu ba ne. Ana shan miligiram 100 sau uku a rana, wasu kuma suka yi ta sha shekara da shekaru.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su ƙarfafa wannan fata ba. Binciken da gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyinsa, wanda aka wallafa a 2003, bai samu gamsasshiyar hujjar amfaninsa ba. Wani da ya fito a 2015 ya kwatanta shi da ƙwayar da babu magani a cikinta. Kusan kashi 40 cikin 100 na kowane rukuni suka ce sun samu sauƙi, har aka dakatar da gwajin kafin lokacinsa.

Labari mafi nauyi daga asibitin ido ya zo. A 2018 likitocin jami'ar Emory da ke Atlanta suka ba da rahoton mutum shida da karatu da gani cikin duhu suka yi musu wuya, kuma tantanin da ke karɓar haske a bayan idonsu ya lalace ta wata siga da ba a saba gani ba. Abin da ya haɗa su shi ne shan Elmiron na tsawon shekaru. A 2020 aka ƙara gargaɗin lahanin ido a takardar maganin, shekara 24 bayan shigarsa kasuwa.

Ba mu ɗora laifi a kan majinyatan da suka rungumi maganin ba, domin wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama. Abin lura shi ne an yi jinkirin gaskata ciwonsu, sannan an yi jinkirin bibiyar abin da aka ba su. Gwajin 'yan watanni ba ya iya nuna abin da shekara goma za ta haifar. Shi ya sa a yau ake shawartar duk mai shan Elmiron da ya riƙa zuwa a duba masa ido, kuma likitoci da yawa kan fara da gyaran abinci da gashin tsokokin ƙugu kafin su rubuta ƙwaya.